Hunturu da Tsohuwar Mota: Abin da Ke Hana Inji Tashi da Asuba a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya yi sammakon zuwa tasha a Ƙanƙara ko Sheme ko Sabuwa zai tarar ana wani aiki kafin a fara lodi. Bonat a buɗe, direba ya ƙudundune cikin rigar sanyi yana murɗa makulli, inji na juyawa da ƙyar. Yaron mota ya nufi teburin mai shayi yana cewa, "Bayin Allah, a taimaka mana da turi." Mutum huɗu ko biyar su ajiye kofi su sa kafaɗa. In an yi sa'a, motar ta yi tari, ta feso hayaƙi, ta kama. In ba a yi ba, a aika a taso mai wayarin daga gida, fasinja kuwa su fara leƙen wata motar.

Direbobi kan ce sanyi ne ya kama ta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Sanyin kudancin Katsina bai kai ya kayar da lafiyayyen inji ba. Abin da yake yi shi ne tona asirin ɓarnar da zafin bazara, da ƙura, da gurɓataccen mai, da jinkirin gyara suka riga suka yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya gane haka zai nemi tsagar ya toshe, wanda bai gane ba kuwa zai yi ta sayen kayan da motarsa ba ta nema ba.

Wane irin sanyi muke da shi?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara ɗauke da ƙura mai laushi, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa. Iskar busasshiya ce, ba gajimaren da zai riƙe ɗumin rana, shi ya sa da zarar dare ya yi ƙasa ke hucewa da sauri. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13 gabanin asuba, wani lokaci ƙasa da haka, musamman a fadamu da bakin ruwa irin na Mairuwa. Da rana kuma ya haye zuwa wajen 30.

Wannan ba irin sanyin Rasha ko Kanada ba ne, inda ruwan lagireto ke daskarewa ya fasa inji, man gas ya yi kauri ya toshe matata, har mutane su kwana da mota jone da lantarki don inji ya zauna da ɗumi. Sanin bambancin yana da amfani, domin shawarwarin da matasa ke gani a intanet yawancinsu don waɗancan ƙasashe aka rubuta. A nan man gas ba ya daskarewa. Idan mota ƙirar kanta ta ƙi tashi a Yankara, a nemi dalili a wani wurin.

Motocin da ke ɗauke da yankin

Ƙananan hukumomin nan uku, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, suna cikin rumbun abincin Katsina. Masara, dawa, waken suya, shinkafa da auduga duk a wannan lokaci ake kwaso su daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Sheme, Ɗandume, Bakori da Funtuwa, daga can wasu su wuce Dawanau a Kano, wasu su nufi kudu. Wato lokacin da mota ta fi samun aiki shi ne lokacin da ta fi wahalar tashi.

Motocin da ke wannan jigila kuwa tsofaffi ne. Golf ƙirar farko-farko da ake cika wa fasinja da buhuna an ƙera su ne a shekarun 1980 da 1990. Bas ɗin J5 da ke ɗibar hatsi da dabbobi an daina ƙera ta a Turai tun 1993. Har yanzu akan ga akori-kura ƙirar 504, irin wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi ta haɗawa bayan ya fara aiki a 1975. Ga kanta, ga hayis, ga tsofaffin taraktoci, ga babura da ba su ƙirguwa. Yawancin ƙananan motocin 'yan Kwatano ne, sun gama zagayensu a Turai kafin su iso. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ga kuma faɗuwar darajar naira, canza mota ya fi ƙarfin direban ƙauye. Dole ya lallaɓa wadda yake da ita.

A wani wurin, mota ta ƙi tashi asarar lokaci ce kawai. A nan abin ya fi haka nauyi. Faskari na iyaka da Zamfara, Sabuwa na iyaka da Birnin Gwari, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar hanyoyin yankin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. Direban da motarsa ta mutu a hanya a wancan lokaci ko kiran bakanike ba ya iya yi. An sassauta waɗannan matakai daga baya, amma ɗabi'ar da tsoro ya koyar ta zauna: a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar sakaliya. Awa biyun da aka ɓata ana turi da safe su ne za su sa magariba ta riski mota a daji.

A fara da kunne

Gogaggen bakanike ba ya fara da sufana. Cewa yake, "Oga, murɗa mu ji." Abin da kunne ya ji shi ke raba matsalar gida uku.

Na farko, a murɗa makulli a ji shiru, ko a ji ƙas-ƙas-ƙas inji bai motsa ba. Wannan batun wuta ne: batir, kawunansa, wayar da ke kai wuta, ko kik ɗin kansa. Na biyu, inji ya juya amma a hankali, yana ja da nauyi. Nan ko batir ya yi rauni, ko baƙin mai ya yi kauri, ko kik ya gaji. Na uku, inji ya juya da ƙarfinsa sosai amma ya ƙi kamawa. To batir ba shi da laifi, sai a duba mai, da iska, da tartsatsin fulogi, da matsin inji.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba, sannan a murɗa makulli. Idan fitilun suka dushe har suka kusa mutuwa, wuta ce ba ta isa, batir ne ko kawunansa. Idan suka tsaya da haskensu amma inji bai motsa ba, wutar tana nan, ba ta kaiwa ga kik ne, ko kuma kik ɗin ya lalace. Direbobi sun san dabarar ƙwanƙwasa kik da sufana yayin da ake murɗa makulli. Idan ta yi aiki, alama ce gawayin da ke cikinsa ya cinye. Dabarar za ta fid da mutum yau, amma ba gyara ba ce, kuma akwai ranar da za a ƙwanƙwasa ya yi shiru.

Batir: zafi ke cinye shi, sanyi ya fallasa shi

Cikin batir akwai farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kuma haɗuwarsu ce ke ba da wuta. Sanyi na rage saurin wannan haɗuwa, daidai lokacin da inji ke neman ƙarfi fiye da kullum. Lafiyayyen batir zai jure. Amma wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kuma ƙarƙashin bonat ya fi haka nesa ba kusa ba, ruwansa ya ƙafe, farantansa sun zaizaye. Ga girgizar hanyoyin ƙauye da ke kakkaɓe abin da ya rage, musamman idan ba a ɗaure batir ɗin ba. Da damina yana tashin mota ba wanda ya lura. Asubar farko ta hunturu sai ya kwanta.

Kowane mai wayarin yana da mitar auna wuta, kuma lambobin ba su da wuyar riƙewa. Batir mai cikakken caji, bayan mota ta kwana, yakan nuna bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, kusan rabi ya tafi. Idan ya kai 12 ko ƙasa, saura kaɗan ya ƙare. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji ya tashi kuma, a sake aunawa: wajen 13.8 zuwa 14.4 na nufin altaneto na caji yadda ya kamata. Wannan awon na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Mutum ya ci bashi ya sayi sabon batir, bayan mako guda ya mutu, ya koma yana rigima da mai shago, alhali bel ne ya saki ko altaneto ne ba ya caji.

Kafin ma a kai ga mita, a dubi kawunan batir da ido. Sau da yawa za a ga wani farin gari ko kore-kore ya taru a kansu, maƙallin ya yi sako-sako, an cusa ƙusa ko guntun waya a tsakani don ya kama. Ta wannan ɗan wuri ne duk wutar da kik ke buƙata za ta bi. A kwance su, a fara da na baƙar waya, a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, domin kanwa na kashe kaifin asid, amma a kula kada ruwan ya shiga cikin batir. A kankare har ƙarfen ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. A bi baƙar wayar har inda ta kama jikin mota da inji, domin tsatsa a can ma tana hana wuta gudu. Batir mai marafai kuwa, a duba ruwansa ya rufe farantan. Idan ya ragu a ƙara ruwan batir tatacce. Ruwan rijiya na kashe shi, ƙarin asid kuma ba ya dawo da wanda ya mutu.

Idan inji na juyawa amma ya ƙi kamawa

Fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi ya gauraya da iska. A cikin inji mai sanyi kaso mai yawa nasa yakan manne a jikin ƙarfe bai tashi ba, don haka dole a ƙara masa mai a rage iska na ɗan lokaci. Aikin cok ke nan a mota mai kafireto. Matsalar ita ce a motoci da yawa an daɗe da kashe cok, ko igiyarsa ta tsinke, ko an ɗaure shi da waya a buɗe saboda ana ganin yana shan mai. Wata tara ba a ji a jiki ba, sai hunturu. Haka abin yake ga masu babur da masu injin ban-ruwa na noman rani: a ja cok, a tayar, a bar shi ya ɗan yi ɗumi, a mayar.

A mota mai injekta ba cok, akwai 'yar na'urar da ke auna zafin ruwan inji ta sanar da ƙwaƙwalwar mota. Idan ta lalace ko an cire wayarta, ƙwaƙwalwar na iya ɗauka inji da ɗuminsa, ta ba shi mai kaɗan, shi kuwa ya ƙi tashi. A kuma saurara da kyau idan an murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa: ya kamata a ji ɗan kukan famfon mai daga wajen tanki na daƙiƙa biyu ko uku. Idan ba a ji ba, a duba fiyus da rile kafin a ce famfon ya mutu.

Wani kuskuren shi ne yawan taka totur. Direba ya yi ta bugawa har mai ya jiƙe fulogi, warin fetur ya cika wurin. Maganinsa a danne totur ƙasa gaba ɗaya a riƙe, a murɗa makulli iska ta wanke, ko a kwance fulogan a busar da su. Fulogi na ba da labari ga mai dubawa. Baƙi mai toka-toka na nufin mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo na nufin baƙin mai na haurowa, ringi ya cinye. Wanda ya yi ruwan ƙasa-ƙasa shi ne mai lafiya. Kuma a lokacin hazo matatar iska na cika da wuri, ya kamata a riƙa kakkaɓe ta akai-akai. Masu cire ta gaba ɗaya don mota ta ja suna ba inji ƙura ya ci, ƙurar nan kuwa ita ke goge ringi da silinda har matsi ya ragu, kuma injin da ba shi da matsi shi ya fi kowanne ƙin tashi da sanyi.

Sai ingancin man kansa. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima, motoci suka yi ta lalacewa a sassan ƙasar nan. A ƙauyukan da gidan mai ke nesa, dogaro na kan 'yan bumburutu ne, kuma man da ya bi ta duro da jarka da galan yakan ɗauko ruwa da datti. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da yawa lita kaɗan suke iya zubawa, tanki kullum a ƙasa, famfo na zuƙo gurɓin da ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, cikin dare yake taruwa a ƙasan tanki, shi ne kuma abin da famfo zai fara ja da asuba.

Baƙin mai ma yana da nasa hannu. Lambar da ke gaban harafin W a jikin galan, kamar 20W-50 ko 15W-40, ita ke nuna yadda man ke gudana da sanyi, kuma ƙaramar lamba ta fi saurin zagaya inji. Mai tsohon inji yakan nemi mai kauri don rage hayaƙi, wani ma na awo yake saya wanda ba a san asalinsa ba. Da safe man ya yi nauyi, kik na fama, batir na ƙarewa.

Masu shan gas

Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Da sanyi ƙarfen inji na shanye wannan zafi, shi ya sa aka sa wa da yawansu hita. Direba ya murɗa makulli rabi, ya jira fitilar hita ta mutu, in sanyi ya yi yawa ya maimaita sau biyu, sannan ya tayar. Idan hita ɗaya ko biyu suka ƙone, motar za ta tashi da ƙyar tana karkarwa tana fid da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Gwada su aikin mintoci ne a wurin mai wayarin.

Abu na biyu shi ne shan iska. Tiyon mai da ya tsufa yakan tsattsage da bushewar hunturu, cikin dare mai ya koma tanki iska ta maye gurbinsa. Alamarsa ita ce sai an buga famfon hannu kafin ta tashi. A nemo inda ke yoyo, a kuma zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar gas. Manyan motoci masu batir biyu kuwa, idan ɗaya ya mutu gara a canza su tare, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Dabarun da ke jawo asara

Wasu dabarun tasha haɗarinsu ya fi amfaninsu. Hura wuta ko ajiye garwashi a ƙarƙashin inji don baƙin mai ya saki ya ƙona motoci, domin tsohuwar mota ba ta rasa ɗigon mai. Zuba fetur a bakin kafireto ana murɗa makulli na iya mayar da harshen wuta fuskar mai zubawa. Fesa maganin sauro ko kara tsumma mai fetur a hancin injin gas na sa shi bugun da ke fasa ringi. Tayar da mota da batir ɗin aro sannan a cire shi inji na aiki na iya ƙona altaneto da ƙwaƙwalwar mota. Idan za a ja wuta daga wata mota, ja da ja ake haɗawa, baƙar kuma a kama jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda batir na fid da iskar da tartsatsi ke iya tayarwa.

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a bar kik ya huce kafin a sake. Turi a giya ta biyu ake yi, kuma ga mota mai kuloci kawai. Kada kuma a bar inji na aiki a rufaffen gareji ko zaure don ya yi ɗumi, hayaƙin salansa na kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk abin da aka lissafa a nan ana iya gano shi tun Oktoba, kafin iska ta juya: a auna batir da caji, a wanke kawuna, a duba fulogi da hita, a gyara cok, a canza matatun iska da na mai, a yi juyen baƙin mai da na kirki. Kuɗin wannan bai kai na sabon batir guda ba, balle asarar ranar kasuwa a tsakiyar kaka.

Nauyin bai tsaya kan direba shi kaɗai ba. Mai mota da ke karɓar balas kullum ya kamata ya ware na gyara, kada ya bar yaronsa da roƙon turi. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a kowace tasha na iya ajiye mitar auna wuta, da wayoyin jan wuta masu kauri, da batir guda mai caji, kuma ya hana lodi ga motar da kullum sai an tura, domin wadda ba ta tashi da kanta a tasha ba za ta tashi a daji ba. Kanikawa da masu wayarin, waɗanda yawancinsu a gareji suka koyi aiki tun suna yara, suna da basira da haƙurin da ya riƙe motocin nan shekara da shekaru. Abin da suke buƙata shi ne kayan awo da horo kan motoci masu ƙwaƙwalwa, don a daina gyaran cinke da cire duk na'urar da ba a gane ba. Shirye-shiryen koyar da sana'a na jiha da na ƙananan hukumomi za su yi amfani ƙwarai idan suka isa garejin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ba su tsaya a birnin Katsina da Funtuwa ba. Manomi da ɗan kasuwa da mai jinya duk a kan waɗannan tsofaffin motoci suka dogara, kuma haƙƙinsu ne su shiga motar da aka duba lafiyarta kafin ta bar tasha.